Faifai Mai Jan Goshi

Ranar da muke jan waya a wani gidan abinci a unguwar Mushairib ta nan Doha, ana gab da fara Gasar Cin Kofin Duniya, mai wurin ya ce a gwada lasifikokin da kiɗan kaboyi, wai saboda baƙin da za su zo daga Amurka. Aka sa. Jitar ƙarfe ta ja wani dogon kuka, ni kuwa na tsaya da filaya a hannu ina saurare. Sai na ji ɗayanku daga kan tsani yana cewa, "Baba Ɗanlami, wannan kiɗa ne, ko kyanwa ce ta faɗa rijiya?" Kuka kwashe da dariya, har da mai buga cinya. Ban tanka ba a lokacin domin akwai aiki a gabanmu. Yanzu da ƙwallo ta ƙare, baƙi sun watse, ku kuma kuna jiran tikitin komawa gida, sai ku natsu ku ji.

Da farko dai, ba na ganin laifinku sosai. An ɗebo ku daga Kano da Zariya, aka koya muku jona jar waya a jan rami, baƙa a baƙi, aka rataya muku kati a wuya, shi ke nan kun zama injiniyoyin sauti. In lasifika ta yi ƙara har ƙirjin mutum ya girgiza, a wajenku aiki ya yi kyau. A wannan gidan abincin, da idona na ga an ɗauko tsofaffin faya-fayan garmaho ana buga musu ƙusa a bango don ado, kuma ku ne kuke miƙa guduma. Babu wanda a cikinku ya juya ko guda ɗaya ya duba abin da ke jikinsa.

Ni a Fagge na koyi aikin nan, a shagon wani tsoho mai suna Malam Iro, wanda ya fara da gyaran garmaho mai wani, irin wanda ake wanawa da hannu, tun kafin kaset ya shigo gari. Kayan aikinsa ba su cika jakar fata ɗaya ba: sukundireba iri uku, ƙarfen narka dalma da ake ɗorawa a kan garwashi in babu wuta, ɗan gilashin masu gyaran agogo, kwalbar man keken ɗinki, da buroshi mai laushi da ba ya yarda kowa ya taɓa. Shekarata ta farko ban riƙe sukundireba ba. Shara nake yi, da wanke faifai. Ruwan randa, ɗigon sabulu, tsumma mai taushi, a bi layin faifan a zagaye, kada a kuskura a ratsa shi. In ya ga hannuna ya ratsa, zan ji ranƙwashi kafin in ji magana.

Akwai wani garmaho na wani ma'aikacin reluwe da ba na mantawa, domin shi ne na farko da Malam Iro ya bari na kwance ni kaɗai. Na wanke cikinsa, na sa mai, na ɗaure, na ɗora faifan kalangu. Ya tashi raɗau. Ina ta washe baki ina jiran yabo. Malam Iro bai ko ɗago kai ba, ya miƙa hannu ƙarƙashin teburinsa ya zaro wani tsohon faifan kaboyi ya ce, "Sa wannan." Da jitar ƙarfe ta ja sautinta mai tsawo, sai na ji yana rawa, yana hawa yana sauka kamar muryar mai zazzaɓi. Ya ce, "Ka ji? Ganga tana rufa wa mai gyara asiri, ƙarfe kuwa tona shi yake yi. Kwance." Na sake kwancewa, na tarar da ɗan datti a jikin abin da ke daidaita gudun farantin.

Tunda ba ku san abin da kuka yi wa dariya ba, bari in gaya muku. Ita wannan jitar ba a rungumar ta. Kwantar da ita ake yi a kan cinya ko a kan ƙafafunta, mai kiɗa ya riƙe guntun ƙarfe mai santsi a hannun hagu yana zamar da shi a kan tsirkiya, na dama kuma yana tsinka. Babu wurin da aka ce ga inda za ka tsaya. Kunnenka ne kawai zai gaya maka ka iso, kamar mai goge. Shi ya sa sautinta ba ya tsalle daga nan zuwa can, tafiya yake yi, kana jin sa yana barin wuri yana nufar wani. Akwai masu sanyin nan, inda mawaƙi zai faɗi layi ɗaya ya yi shiru, ƙarfen ya amsa masa daga baya. Akwai kuma masu zafi na rawa, da ake haɗawa da gogen Turawa da fiyano, inda mai ƙarfen zai shigo a guje, ya yi ƙugin jirgin ƙasa, ya fita kafin ka gama mamaki. A tsofaffin faya-fayan nan babu gyara, babu a yanke a liƙa. Mutum yana zaune da ƙarfe a hannu, in ya zarce da faɗin gashi, duniya za ta ji har abada. Ni ban jin Turancin mawaƙan sosai har yau, kuma ban taɓa jin na yi asarar komai ba.

Haka na fara sauraren ta don gwajin inji, na ƙare ina sauraren ta don kaina. Da kaset ya kashe garmaho, sidi ya kashe kaset, waya ta zo ta binne su gaba ɗaya, sai na bi wani ɗan'uwa na zo Doha. Kafil ɗina, wato ubangidan da ya tsaya mini na sami biza, yana da shago a Sanaiya, unguwar masana'antu, inda muke gyaran amfilifaya ta masallatai da ta ɗakunan biki. Garmaho kuwa sai jefi-jefi, in wani mai kuɗi ya sayo tsoho daga Turai don ya ajiye a falo. Irin waɗannan kwastomomi na san su tun daga sallama. Wani zai kawo inji mai tsadar mota, ya ce ba ya aiki, in duba in ga ko murfin allurar bai cire ba. Wani kuma ya ce in cire masa "wannan shuuu ɗin" daga tsohon faifai. Ina iya cirewa, kwamfuta tana yi cikin ƙiftawar ido. Amma ita kwamfuta ba ta san bambancin ƙura da wutsiyar sautin ƙarfe ba, wato inda yake sirancewa kafin ya ɓace. Tare take share su. Sai a ba ka waƙa fes, an yanke mata numfashi, kai kuma kana murna.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe ɓangaren Sanaiya da shagonmu yake, da kwamfutata da mitocina da komai a ciki. Kafil ya ce, "Khalas, shi ke nan, kowa ya zauna gida." Na koma ɗakina a unguwar Al-Sadd, ɗan yanki ne da aka raba da katako, ni da ciwon suga da wani tsohon garmaho na lantarki da na tsinta na gyara wa kaina. Masallatai a rufe, biki babu, wa zai kawo amfilifaya? Ban taɓa ganin shekarar da hannuna ya yi zaman banza irin wannan ba.

Ana cikin haka wani Injiniya Kabiru ya kira ni. Mutumin Jos ne, yana aiki a ɓangaren gas, mun san juna a masallacin Juma'a. Muryarsa a shaƙe. Ya ce shi da iyalinsa cutar ta kama su, suna killace a gida, amma ba wannan ne ya dame shi ba. Mahaifinsa ne a Jos yake kwance, jiki ya yi tsanani, jirage kuma ba sa tashi. Tsohon ya yi wa wani Baturen haƙar kuza direba yana saurayi, da Baturen zai tafi ya bar masa garmaho da akwatin faya-fayai. Garmahon ya daɗe da mutuwa. Yanzu tsohon ba ya neman komai sai waƙa ɗaya daga cikin akwatin, wadda yake kira "mai jan goshi", domin takardar tsakiyarta ja ce, kuma ta yage tun da daɗewa, babu suna babu komai.

Na ce, "To ina akwatin?"

Ya ce, "Yana nan wajena, Malam. Tun zuwana hutu na bara na taho da shi don in kawo maka ka juye mana a waya. Aiki ne ya yi mini yawa."

Na ce, "Injiniya, ai ba a fafe gora ranar tafiya."

Ya ce, "Na sani, Malam. Wallahi na sani."

Ashe ya riga ya gwada hanyarku. Ya shiga intanet ya kwaso waƙoƙin kaboyi iri-iri ya tura gida, ƙanwarsa tana kara wa tsohon waya a kunne, shi kuma yana kau da kai. Ku da kuke cewa komai yana intanet, sai ku gaya mini yadda ake neman waƙar da sunanta jan goshi.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Gambo ne, direban kamfanin su Injiniya, Bakatsine, magidanci mai 'ya'ya huɗu a gida, mutumin kirki da yakan kawo mini cefane tunda aka shiga kulle. Ya ajiye akwatin a bakin ƙofa ya ja baya, takunkumi a fuska, idanunsa suna dariya.

Ya ce, "Malam, kada ka ji ɗar. Na goge maka su tas, ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya."

Na ce, "Ka goge da me?"

Ya zaro ƙatuwar kwalbar sanitaiza daga aljihun wandonsa ya nuna mini. Saura kaɗan a gindinta.

Ku da ba ku sani ba, faifan zamanin da ba roba ba ne. Da wani irin ƙaro ake yin sa, a cakuɗa da garin dutse. Ruwa ba ya yi masa komai, amma sifirit narka shi yake yi, sanitaiza kuwa kusan duk sifirit ce. Na buɗe akwatin, warin ya buge ni. Na zaro na farko, ya yi dusu-dusu, yana ɗan kama yatsa. Na biyu haka. Mai jan goshi yana tsakiya, shi ma bai tsira ba.

Ban san lokacin da na fara ba. Na ce masa wa ya aike shi? Na ce faya-fayan nan sun tsallake teku, sun yi shekara da shekaru a sanyin Jos, gara ba ta ci ba, yara ba su fasa ba, sai da suka zo hannun mai tsafta. Na ce an ba shi aiken ɗauko kaya ne ko na wankan gawa? Har maƙwabcina ɗan Kerala sai da ya leƙo. Gambo yana tsaye, sai da na gaji don kaina.

Sannan ya ce, "Malam, daga gidan masu cutar na ɗauko. Kai kuma ga suga. Na ce in wani abu ya same ka ta hannuna, me zan gaya wa Allah?"

Kunya ta kama ni, ga kuma takaici bai tafi ba. Na ce ya je, in na neme shi zan kira.

Na jera faya-fayan a tsaye, na bar su su sha iska, nesa da rana. Da suka bushe sai na ɗauki wanda ba shi ake nema ba don gwaji. Na sa allura mai kauri ta irin wannan faifai, na rage nauyin hannun garmahon iyakar yadda zai iya bin layi. Waƙa ta fito, da shuuu mai yawa, amma ta fito. Sai dai ina kallo da gilashi, duk inda allurar ta wuce layin yana komawa toka-toka, baƙin gari yana taruwa a bakinta. Na sake sawa, ta fito da ƙyar. Na uku babu komai sai ƙarar ruwan sama a kan kwano. Nan na gane abin da ke hannuna: mai jan goshi sau biyu zai yi magana, in an yi sa'a.

Na daidaita gudun farantin daidai yadda aka rubuta a ƙa'ida, zagaye saba'in da takwas a minti, ba ƙari ba ragi. Na jingina wayata a gaban lasifika don ta naɗa, na yi bisimilla, na sauke allura. Kai, jama'a! Mai sanyi ce. Mawaƙin bai fi layi huɗu ba ya ja gefe, ya bar wa mai ƙarfen fili. Ban san ko wane ne ba, ba zan kuma taɓa sani ba, amma mutumin nan ya san hannunsa. Yakan nufi sauti kamar zai wuce shi, sai ya tsaya a bakinsa ya ɗan girgiza ƙarfen. Na tura wa Injiniya ina jin kaina, na ce aiki ya kammala.

Bayan azahar ya kira. Ya ce, "Malam, Baba ya ce ba ita ba ce."

Na ce, "Kamar yaya ba ita ba ce? Jan goshi nawa ne a akwatin?"

Ya ce, "Ɗaya ne. Cewa ya yi ta yi kama da ita, amma wannan gudu take yi kamar an biyo ta."

Sai na ce ya tambayar mini tsohon, garmahon nasa mai wani ne? Aka ce eh. Wa yake gyara masa? Aka ce ba a taɓa kai shi gyara ba, har ya mutu. To ka ji. Garmaho mai wani, in sifirin ɗinsa, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen da ke juya farantin, ya tsufa, ba ya kai gudun ƙa'ida. Yakan fara a hankali, kuma yana tafiya yana ƙara sanyi, kafin ƙarshen waƙa ya zama kamar mai jan ƙafa. Tsohon nan bai taɓa jin waƙar yadda aka buga ta a Amurka ba. Tasa waƙar ita ce wadda gajiyayyen injinsa yake rera masa a tsakar gida, kuma ita yake nema.

Na san abin da ke bakinku: a sa a kwamfuta a rage gudun. Kwamfutata tana kulle a Sanaiya. Ko da tana gabana ma, a rage nawa, a daidai ina? Ma'aunin yana cikin kunnen wani tsoho a Jos, wanda ba a da tabbacin zai kai gobe. Hanya ɗaya na sani. Na gaya wa Injiniya gaskiya, har da abin da ya sami faifan, ban dai ambaci sunan Gambo ba.

Ya ce, "Yanzu in ka sake sawa, ya mutu ke nan?"

Na ce, "Ya mutu."

Ya yi tari. Sannan ya ce, "Sa, Malam. Amma kada Baba ya sani."

Na kira Gambo, domin aikin yana son hannu uku. Ya zo bayan la'asar, ya tsaya daga bakin ƙofa da takunkuminsa, na ce, "Yalla, shigo, riƙe wayar nan a nan, kada ka motsa." Aka haɗa kiran, Injiniya daga gidansa, ƙanwarsa daga Jos. Na ji muryar tsohon, siririya, amma hankalinsa garau.

Na ce, "Baba, ina wuni? Ya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi. Kai ne mai garmahon?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Zan sa, in ta yi sauri ka gaya mini."

Na sauke allura da hannun dama, na ɗora babban yatsan hagu a gefen farantin, ina ɗan dannawa. Wannan ba a koyar da shi a ko'ina. In ka danna da yawa waƙa ta yi gurnani, in ka saki ta tsere, in kuwa hannunka ya yi rawa, ƙarfen zai fallasa ka nan take. Shuuu ɗin ya ƙaru fiye da na farko, amma mai ƙarfen yana nan a ciki.

Tsohon ya ce, "Har yanzu da sauri."

Na ƙara dannawa.

Ya ce, "Kaɗan kuma."

Gefen farantin ya fara ɗumama mini yatsa. Mawaƙin ya gama layinsa, ƙarfen ya shigo, yanzu da kauri, a hankali, kamar wanda ba ya son isa inda za shi.

Ya ce, "Yauwa. Yauwa! Tsaya nan."

Ban tsaya ba, domin sifirin ba ya tsayawa. Na ci gaba da ƙara nauyin yatsa kaɗan-kaɗan yadda injinsa zai yi in wanin da aka yi masa ya fara ƙarewa. Sai muka ji tsohon yana bin ta da hanci, yana hawa inda ta hau, yana riga ta sauka. Ni kuwa idona yana kan faifan, ina kallon baƙinsa yana komawa toka a bayan allura, layi bayan layi, har ta kai jan goshin ta fara zagaye a wuri ɗaya.

Can sai tsohon ya ce, "Ita ce. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Na ce, "Amin, Baba."

Ya ce, "To ɗaga allurar maza, kada ta ci faifan. Ka mayar da shi cikin takardarsa, ka ba Kabiru ya adana. Na jikokina ne, su ma su ji."

Na dubi faifan. Gambo ya sunkuyar da kai.

Na ce, "To, Baba. Na ɗaga."